Gurbin da Ke Gefen Thankful

Wenscott, Massachusetts
12 ga Oktoba, 1975

Ƙanena Eben,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da tsofaffin takardunka masu sa atishawa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da ke sanar da ni zuwan ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. Tun da ka samu aiki a gidan adana takardun tarihi na Halifax ka ɗauke mana ƙafa, kamar ba ciki ɗaya kakarka da kakana suka fito ba. Faɗan wannan na ajiye maka shi sai ka zo.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar tara ga watan jiya mun yi Ranar Ƙararrawa a bakin tashar jiragen ruwa kamar kowace shekara, daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa. Ina karanta sunayen mutum ashirin da uku da suka nutse da jirgin Resolve a 1778, lokacin yaƙin 'yanci, shi kuma yana jan igiya, suna ɗaya bugu ɗaya, yaran makaranta suna ƙirgawa da ƙarfi. Shekararsa hamsin da takwas yana wannan aiki. Bana muna kai na goma sha bakwai na ga igiyar tana neman kuɓuce masa. Na matsa zan kama masa, ya harare ni ya ce, "Karanta naki, Vinnie, ki bar mini nawa." Ya daure har na ƙarshe, na kakan kakanninmu Kyaftin Hosea Dimmock, sannan ya zauna a kan wata ganga ya kasa tashi. Likita ya ce zuciya ce, kuma da wuya ya ga wata Ranar Ƙararrawa.

Ya sa na ɗaga hannu na yi masa alkawari: in ya rasu a ƙona gawarsa, in kai tokar inda Hosea yake kwance a teku in zuba. Ya ce ya gaji da kiransa daga nesa, yana so ya je ya same shi. Na amsa, alhali ba mahaluƙin da ya san wurin. Abin da muka gada kawai shi ne jirgin yaƙin Sarkin Ingila ya far musu a wani wuri tsakaninmu da ku, ba wanda ya dawo.

To, jirgin Sarkin nan Halifax ya koma, kuma mutanen Ingila ko tari suka yi sai sun rubuta. Ka tono mana wurin, Eben. Ban saba roƙo ba, ka sani.

Yayarka,
Lavinia

*

Halifax, Nova Scotia
2 ga Nuwamba, 1975

Yaya Vinnie,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai murar da ba ta ƙyale kowa a garin nan. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ki gaishe mini da mahaifinki, Kawu Orrin. Ki ce masa yaron nan da ya ɗaure masa kwale-kwale da ƙullin banza har ruwa ya tafi da shi bai manta ranƙwashin ba.

Faɗan da kika ajiye mini na karɓa tun daga nan. Amma ai ke kika jefa ni wannan sana'a. Ina ɗan shekara tara kika jera mu a ɗakin Ƙungiyar Tarihi wata Asabar, kika shimfiɗa mana tsohuwar wasiƙa kika ce, "Abin da takarda ba ta faɗa ba, kada bakinku ya faɗa. Abin da ta faɗa kuwa, kada ku haɗiye." Sannan kika kai mu maƙabarta wurin kabarin Thankful, matar Hosea, wadda ta yi shekara arba'in da uku tana zuwa bakin tasha kowace safiya ko za ta hango jirginsa. Kika nuna mana gurbin da ta sa aka bar masa a gefenta, ga dutse da sunansa, ba kowa a ƙarƙashi. Na yi kuka ranar, na ce wa yara ƙura ce ta shiga mini ido.

Albishirinki, na riga na gano jirgin Sarkin. Rahotannin kyaftin ɗinsa suna cikin akwatuna huɗu a ɗakin ƙasa, da alama ba a taɓa kwance igiyarsu ba. Irin waɗannan mutane kullum da tsakar rana sai sun rubuta inda suke a teku. Da yardar Allah kafin Kirsimeti za ki samu wurin, har taswira zan zana miki.

Ƙanenki,
Eben Sturgis

*

Wenscott
18 ga Janairu, 1976

Ƙanena Eben,

Barka da sabuwar shekara. Katinka na Kirsimeti ya iso da hoton barewa a cikin dusar ƙanƙara. Na juya shi gaba da baya, ban ga taswira ba.

Baba ya ɗan farfaɗo, yana shan miyar kifi da dankali in na cika mata man shanu. Na juya masa gado ya fuskanci taga, ga ƙaramin Resolve ɗin da ya sassaƙa tun yana saurayi a kan tebur kusa da kansa. Da ya ji mai raba wasiƙu ya tura ƙyauren shinge sai ya ɗaga murya, "Vinnie, ta Halifax ce?" In na ce a'a ya ce, "Ƙyale shi, yaro ne mai bin abu a hankali, ba irinki ba."

Aikin ƙungiya ya sha mana kai saboda bikin cika shekara ɗari biyu da samun 'yanci a watan Yuli. Yara talatin da ɗaya nake da su yanzu ranar Asabar, suna koyon ƙulle-ƙullen igiya da karatun rubutun mutanen da. Shugabarmu Almira Pruett, wadda ban taɓa ganin ta kai ƙarshen shafi na biyu na kowace takarda ba, tana so a buga ɗan littafi a kan Resolve a raba wa kowane gida. Na rubuta shi. Shafin ƙarshe kaɗai ke jiranka.

Makon jiya na kawo yaran su gaishe da Baba. Wata 'yar gidan Medeiros mai tambayar tsiya ta ce don me ba a buga wa Thankful ƙararrawa, ai ita ta sha wahalar. Baba ya ce, "'Yata, ƙararrawar nan ta waɗanda teku ya riƙe ce. Wanda ƙasa ta karɓa yana da inda za a je a same shi." Ya ba su labarin yadda a da sunayen ashirin da huɗu ne, sai a 1902 aka gano ruwa ya turo ɗaya wani tsibiri an binne shi, aka cire sunansa, danginsa suka shekara goma ba sa gaisawa da mu. Yana faɗa yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Ka hanzarta.

Lavinia

*

Halifax
9 ga Fabrairu, 1976

Yaya Vinnie,

Ina lafiya, kuma na ji daɗin jin Kawu ya samu sauƙi. Na buɗe akwatunan. Al'amarin ya wuce yadda na zata, sai na yi wata 'yar tafiya kafin in ce komai. Abu biyu nake roƙo: kada ki kai littafin nan wurin bugawa tukuna, kuma kada ki riƙa yi wa Kawu maganar wasiƙata. Ba kowane labarin gida ne ke iya tsayawa gaban takarda ba.

Likita ya ƙara cewa wani abu game da lokacin da ya rage masa? Ki sanar da ni.

Eben

*

Wenscott
4 ga Afrilu, 1976

Eben,

Ina fatan kana lafiya, tunda ba wanda ya aiko mana cewa ka mutu. Na amsa waccan guntuwar wasiƙar taka tun a Fabrairu, shiru. Sau biyu na buga tarho gidan da kake haya, matar gidan ta ce ka fita, alhali ina jin tarinka a bayanta.

"Labarin gida." Haka ka kira shi. Wato yanzu ka zama babban masani, mu kuma tsofaffin matan ƙauye ne da ke taruwa mu ci kek mu yi tatsuniya. Na gane. Kana tsoron kada ɗan littafinmu na shafi goma sha shida ya riga ka, kafin ka buga naka bayanin a mujallar masana da mutum tara ke karantawa. Ka riƙe sunanka, ba na so. Lambobi biyu na taswira kawai na roƙe ka, inda zan tsayar da kwale-kwale in cika wa tsoho alkawari.

Ka kuma tambayi lokacin da ya rage masa, kamar mai auna ko aikin zai iya jira. Ba zai jira ba. Ƙafafunsa sun kumbura, miyar ma cokali uku yake sha.

Wasiƙarka kuwa na karanta masa ita daga farko har ƙarshe, duk da ka hana. Ban taɓa ɓoye wa mahaifina takarda ba, ba kuma zan fara saboda kai ba.

Lavinia Dimmock

*

Wenscott
21 ga Mayu, 1976

Eben,

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Bai sha wahala sosai ba a ƙarshe. Ina riƙe da hannunsa, taga a buɗe, ana jin masu kamun kifi suna sauke kaya.

Zan gaya maka yadda makonnin ƙarshe suka kasance, don ban ga dalilin da zan ɗauke su ni kaɗai ba. Bayan na aika maka wasiƙar fushin nan, ya ce in sake karanta masa taka. Na karanta. Na ce, "Girman kai ne kawai, Baba." Ya dubi rufi ya ce, "A'a. Yaron nan bai iya ƙarya ba, shi ya sa ya yi shiru."

Daga ranar bai ƙara tambayar wasiƙa ba. Mai raba wasiƙu ya tura ƙyaure, ni in tsaya cak a ɗakin girki ina jiran muryarsa, ba ta zuwa. Bayan kwana uku ya ce in fitar masa da ƙaramin jirgin nan daga ɗaki, wai yana tara ƙura. Eben, shekara saba'in jirgin nan yana kwana kusa da kansa. Na ɗauka na fita da shi, na tsaya a bayan ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama.

Ana jibi zai rasu na ce, "Baba, alkawarin nan fa?" Ya ce, "Ki jira takarda, Vinnie. In ta zo ki karanta ta har ƙarshe."

Tokarsa tana cikin ɗan akwatin katako a kan tebur, inda jirgin yake da. Ban san inda zan kai shi ba. Zuciyata ta karye, fushin ma ya ƙare mini. Duk abin da ka gani a akwatunan nan, ka rubuto.

Lavinia

*

Halifax
1 ga Yuni, 1976

Yaya Vinnie,

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba ki haƙuri. Ba ni da lafiyar da zan ba ki labari. Zan faɗi laifina da farko, sannan abin da takarda ta ce.

Ba mujalla nake wa ɓoyo ba. Tun makon Kirsimeti na san komai. Na ƙi rubutowa ne don ina jiran Kawu ya rasu bai sani ba. Abin da ya sa na tambaye ki abin da likita ya ce ke nan. Na zaci shirun zai kare shi, ashe shi ya gaya masa, kuma ya gaya masa ba tare da kowa a gefensa da zai yi masa bayani ba. Na haɗiye abin da kika hana mu haɗiyewa.

Resolve ya nutse ranar tara ga Satumba, kamar yadda muka gada. Wurin yana jikin taswirar da na haɗo, na yi masa alama da jan tawada. Mutum ashirin da biyu suna can. Hosea ba ya cikinsu. An tsamo shi da rai, hannu a karye, shi kaɗai. Aka ba shi zaɓi: kurkukun cikin jirgi, inda mutane ke mutuwa kamar ƙudaje, ko ya yi wa Sarki mubaya'a ya zama jagoran jirginsu, tunda ya san kowane dutse da ke ƙarƙashin ruwan gaɓarmu. Ya sa hannu. Na kwatanta da sa hannunsa na takardar aure da ke ɗakin ƙungiya, wadda kika sa muka kwafa muna yara. Shi ne.

Shekara uku yana yi musu jagora. A watan Yunin 1780 rahoton ya ce jirgin ya tsaya kwana biyu a bakin mashigar Wenscott, sama garau. Kin san daga nan ana hango tasha. Takarda ba ta ce ya ga Thankful ba, don haka ba zan faɗa ba.

Bayan yaƙi ya nemi a ba shi fili a wani ƙauyen masunta, Port Amory. A takardar roƙon ya rubuta cewa ba shi da fuskar da zai koma garinsu da ita, inda matan mutanen jirginsa za su tambaye shi mazansu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, ya rasu a 1819, shekara biyu kafin Thankful ta daina zuwa tasha. Tafiyar da na ce zan yi, can na je. Kabarinsa yana nan kusa da na matar, gansakuka ta cinye rabin dutsen. A bayansu akwai na 'yarsu ta fari. Sunanta Thankful.

Na zauna a cikin ƙanƙara a gaban wannan dutsen har na daina jin ƙafafuna.

Kwafin takardun duka suna cikin ambulan nan. In teku kika zaɓa, zan samo jirgi. In Port Amory ne, zan tarye ki a tasha. In kuma ba kya son ganina, ba zan ga laifinki ba.

Ƙanenki,
Eben

*

Wenscott
12 ga Satumba, 1976

Ƙanena Eben,

Ina fatan kana lafiya. Ni ina nan, gwiwa tana aikinta. Wata uku ban amsa maka ba, kuma ba ramuwa nake yi ba, alƙalamin ne ya ƙi.

Na kai takardun taron ƙungiya. Almira ta karanta su har ƙarshe, karo na farko a rayuwarta, ta cire tabarau ta ce, "Vinnie, don Allah, wa zai sani? A bar mutumin nan a teku. Kakanki ne fa." Na ce mata yara talatin da ɗaya na koya wa dokar nan ta takarda, ba zan shiga ɗakin nan ranar Asabar in dubi idonsu da wannan a aljihuna ba. Littafin bai fito a Yuli ba. Ya fito a Agusta da shafi huɗu ƙari, kuma akwai gidajen da suka dawo mana da nasu.

Yaran kuwa na shimfiɗa musu kwafin a tebur suka karanta da kansu. 'Yar Medeiros ce ta fara kaiwa wurin kwana biyun nan na Yuni. Ta ɗago ta ce, "Malama, ya gan ta?" Na ce me takarda ta ce. Ta ce ba ta ce komai ba. Ta kifa kai a tebur, na ƙyale ta.

Ranar Alhamis aka yi Ranar Ƙararrawa. Almira ta karanta sunaye, ni na kama igiyar Baba, wurin da hannunsa ya yi wa santsi. Kowa ya san ashirin da biyu za a buga, an faɗa a coci, an rubuta a littafi. Duk da haka da na buga na ƙarshe sai bakin yaran ya zarce da kansa, suka fara "ashirin da u…" suka katse. Hannuna ma ya riga ya ja igiyar rabi. Na riƙe ta a nan, da dukkan ƙarfina, har ƙararrawar ta koma mazauninta ba ta yi ƙara ba. Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan ba.

Yanzu maganar alkawari. Na karya shi, Eben. Ban kai Baba teku ba, don wanda yake nema ba ya can. Ban kai shi Port Amory ba, don ba zan ajiye mahaifina a ƙafar mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya bai aiko da layi ɗaya gida ba. Na sani ya ga abin da ban gani ba, kuma wataƙila wata rana in tausaya masa, amma ba bana ba.

Bayan an watse daga tasha muka hau maƙabarta, ni da fasto da mai haƙa. Aka buɗe gurbin nan na gefen Thankful, na sa akwatin da hannuna. Ita ta yi shekara arba'in da uku a bakin tasha tana jiran mutumin da ba zai zo ba, Baba ya yi hamsin da takwas a wuri ɗaya yana kiransa. Na ga sun fi kowa dacewa da juna. Shekara ɗari da hamsin da biyar tana kwance ita kaɗai, yanzu jininta ya zo ya kwanta a gefenta. Ban sani ba ko Baba zai yafe mini, kuma ba takardar da za ta gaya mini.

Kai ka yi shiru, ni na karanta masa abin da ka ce in ɓoye. Na auna na auna, ban ga wanda ya fi wani laifi ba. Ka zo Kirsimeti. Har yau miyar mutum biyu nake dafawa.

Za ka samu ƙunshi tare da wasiƙar nan, ka buɗe a hankali, sandar tsakiya tana da rauni. Ƙaramin jirgin Baba ne. Wannan kaɗai ne abin da zan iya cikawa na alkawarin. Ka kai shi Port Amory kafin sanyi ya shigo, ka ajiye a kan kabarin Hosea, ka danne shi da duwatsu kada iska ta kayar. Ba sai ka ce masa komai ba. Ka dai juya goshin jirgin ya fuskanci gida.

Yayarka,
Vinnie